A Fara Duba Tanki Kafin A Sayo Famfo

Makalar wannan mako gareji za ta kai mu, don haka wanda ya sa farar shadda ya tattare ta. A labaranmu mota aiki biyu gare ta: ta ɗauko jarumi cikin isa, ko ta mace a dokar daji daidai lokacin da marubuci ke son ɓarayi su fito. In ta mace, sai a buɗe gaba a taɓa wata waya ta tashi. Direba ko bakaniken da ya karanta wannan ya san mai alƙalamin bai taɓa riƙe sifana ba. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce kuɗin da mutanenmu ke zubarwa, wani lokaci har da rai, a kan abin da shafi biyu na Hausa mai kyau za su iya fayyacewa. Wanke tankin mai yana cikin irin waɗannan.

Ra'ayinmu a taƙaice: famfunan mai da yawa da ake sauyawa a garejinmu ƙazantar tanki ce ta kashe su, kuma sauya famfo ba tare da an leƙa tankin ba gyaran gangar Auzinawa ne. Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Mota ta fara fizga, tana shaƙewa in an taka totur a hawa, ko ta ƙi tashi da safe sai an yi ta murza makulli. Bakanike ya kara kunne ya ce famfo ne. A tura yaro Ƙofar Ruwa in a Kano ake, ko Panteka in a Kaduna ne, ya sayo wani, a ɗaura, a tsoma shi cikin tankin nan dai da ya kashe na farko. Bayan wata biyu ko uku ciwo ya dawo, a hau tsine wa ɗan kasuwa ana cewa jabu ya sayar. Wani lokaci jabun ne, ba mu musa ba. Amma ko na asali ne, sabuwar fura aka zuba a ƙwaryar da ba a wanke ba.

Sai an san yadda mai ke tafiya za a ga dalili. Tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da kafireta gare su, famfonsu yana jikin inji, kuma in datti ya toshe kafireta a bakin hanya ma ana kwance ta a hure a ci gaba da tafiya. Motocin da suka cika titunanmu yanzu ba haka suke ba. Famfonsu na lantarki ne, a cikin tanki yake zaune tsundum, man da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi yana kuma yi masa aikin maiƙo. A bakinsa akwai wata 'yar raga mai kama da safa da ke tare manyan tarkace, gaba da ita akwai filta, sannan mai ya bi bututu da ƙarfin matsi ya isa ga nozul, waɗanda ke fesa shi cikin inji ta wasu ramuka da ido da ƙyar yake gani. A motoci da yawa, irin su Corolla da Camry na bayan shekarar 2000 da 'yan kai, filtar ma a cikin tanki take haɗe da famfo, ta ƙarƙashin kujerar baya ake kai gare ta. Shi ya sa mutum zai yi shekaru yana sabis, ana sauya baƙin mai da fulogi, ba a taɓa ganin filtar mai ba. In ragar ta toshe, famfo zai yi ta zuƙa da wahala, ya yi zafi, ya fara kuka kamar ƙudan zuma, daga nan ya mutu. Abin da ya tsallake ragar kuwa shi ke cinye cikin famfo ya je ya toshe nozul.

Ta ina datti ke shiga? Na farko ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa haɗuwa, don haka ƙasa yake kwantawa, daidai inda bakin famfo yake. Yana zuwa daga rumbun gidan mai da ruwan sama ya ratsa, daga jarkar da aka ɗauraye ba ta bushe ba, daga murfin tankin da robarsa ta mutu. Kaɗan kuma daga laimar iskar damina, wadda in dare ya yi sanyi take zama raɓa a bangon tankin da ba ya cika. In tankin na ƙarfe ne, ruwan nan ke haifar da tsatsa. Na roba ba ya tsatsa, amma ba ya hana tsatsar durom ɗin wani ta shigo masa. Sai ƙura da yashi daga mazurarin 'yan bumburutu da ke wuni a bakin titi cikin hunturu. Sai kuma man da ya daɗe: motar da aka jingine wata da watanni, man cikinta yakan canja launi da wari, ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro a jikin komai. Masu motocin gas suna da ƙarin matsala, domin wasu ƙwayoyin halitta na rayuwa a mahaɗar ruwa da man, su tara baƙar kainuwa mai yauƙi.

Kada a ɗauka laifin na 'yan galan ne kaɗai. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya da kansu suka sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga Antwerp ta Beljiyam aka yi lodinsa. Janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka na makonni. Metanol yana cin roba yana kuma jan ruwa, kuma waɗanda suka sha man nan a gidajen mai masu alama da rasit suka sha shi.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare wadda ya kamata mu gyara kafin mu sa ta a bakin wani tauraro. Ana cewa in mai ya yi ƙasa ne famfo ke kwaso dattin gindin tanki. Ai kullum daga gindin yake zuƙa, ko tanki ya cika maƙil ko saura lita biyu. Illar yawo a rizab daban ce. Man da ya rage ba shi da yawan da zai ɗauke zafin famfo, in an sha kwana ko an hau tudu ya kan kauce famfo ya zuƙi iska, kuma dattin da ke ciki yana taruwa ne a ɗan man da ke ta kai da kawowa. Mun san abin da za a ce mana. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, wa ke da halin cika tanki? Gaskiya ne. Sai dai wanda ke sayen lita biyar kullum zai ci gaba da sayen lita biyar ɗin nan ne ko allura na kan jan layi ko tana kan kwata. Bambancin kawai ya daure sau ɗaya ya ɗaga ta, sannan ya riƙe ta a nan.

To yaya ake gane tanki na buƙatar wanki? A nan ne muke son mai mota ya daina jin kunyar bakanike. Ka ce a zuƙo maka mai daga gindin tanki a farar kwalba, a ajiye ta a inuwa na 'yan mintuna. In akwai ruwa za ka gan shi ya ware a ƙasa da layinsa sarai. In tsatsa ce ko yashi za su kwanta. In man ya yi duhu yana warin fenti, ya tsufa. A ciro famfo kuma a nuna maka ragar: fara ce ko ta koma ruwan ƙasa? Gwajin nan ba ya cin ko sisi, kuma kaifi biyu gare shi. Yana kare ka daga mai sauya famfo da ka, yana kuma kare ka daga wanda kowane tari mota ta yi sai ya ce a sauke tanki don kuɗin aiki ya yi kauri. Fizga na iya zama fulogi, ko kwayil, ko iskar da ke shiga ta tsagaggen tiyo. Motar da ke shan mai mai tsabta tana iya tsufa ba a taɓa sauke tankinta ba, kuma ba mu ga hikimar wanke abin da kwalba ta nuna tas yake ba.

Kwalaben maganin da ake tallatawa a zuba a tanki kuwa, suna da iyakarsu. Mai kyau daga cikinsu yana narkar da danƙon da ya taru a nozul. Yashi ba ya narkewa. Tsatsa ba ta narkewa. Rabin galan na ruwa ba zai ɓace don an zuba masa kwalba ɗaya ba.

In ta tabbata sai an wanke, aikin na da tsari. A fara sauke matsin da ke cikin bututu ta hanyar zare fiyus ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir. A zuƙe man da famfon hannu, a sauke tanki, a goge bayansa kafin a buɗe don kada ƙasar waje ta faɗa ciki, a cire famfo da ma'aunin da ke juya allura. Sai a wanke da ruwan zafi da garin sabulu, a jijjiga sosai, a ɗauraye har ruwa ya fito garau. Inda aka fi yin ha'inci shi ne busarwa. Mai mota na gaggawa, bakanike na son ya sallame shi, sai a mayar da tanki da danshi, an wanke datti an zuba ruwa ke nan. A bar shi ya bushe ƙayau, a hura masa iska in da hali, a haska da tocila a duba lungunansa. Tsumma mai zare kada ya shiga ciki. Bayan haka a sa sabuwar raga da sabuwar filta da sabuwar robar bakin famfo, a hure bututu, nozul kuma a kai su wurin masu injin wankewa a ga feshinsu da ido. Man da aka zuƙe ba ya komawa ciki, komai tsadarsa. Tankin ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci har yana ɓarewa, sauya shi ya fi.

Saura batun da ya fi kuɗi. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ke kamawa, kuma ɗan kaɗan daga gare shi a cikin iska ya isa ya yi bindiga. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana taruwa a ramin gareji, yana iya rarrafawa har wurin mai shayin da ke gefe. Ashana, sigari, garwashi, tartsatsin kan batir, ko injin yankan ƙarfe a kusa, duk ɗaya ne. Kai tanki wurin mai walda don an girgiza an ji babu mai a ciki, wannan jefa bawan Allah ne cikin wuta. Zuƙar mai da baki ta tiyo kuwa, wadda yaran gareji suka mayar burgewa, in ya kuskure ya bi ta maƙogwaron iska huhu yake ƙonawa, kuma wanda ya haɗiye ba a sa shi amai, asibiti ake kai shi. Su waye ke yin wannan aikin? Yara 'yan koyo, masu shekara goma sha, da hannu tsirara, maigida na zaune a benci. Mai motar da ya tsaya yana kallo yana danna waya shi ma da nasa kason. Haka nan tuttular da gurɓataccen man a kwata, inda zai bi ruwa ya ratsa unguwa, ko mayar da shi galan a sayar wa mai babur.

Dukkan wannan ilmi yana nan a bakin kanikawanmu, da Hausarsu, wadda ta ari kalma ta lanƙwasa ta yadda harshe ke so: totur, salansa, kafireta, fulogi a Kano, buji a Damagaram. Mai son rubuta direba ko bakanike, ko mai son rubuta ɗan littafin da zai amfani masu mota, wuni ɗaya a gareji da biro da takarda zai ba shi abin da ya isa. Ya tambaya a nuna masa ragar famfon da ta toshe, ya shinshina tsohon mai, ya ji yadda maigida ke kiran yaro ya miƙo sifana mai lamba goma. Wanda a garinsu ake kiran nozul ko filta da wani suna, ya ajiye mana shi a ƙasa tare da sunan garin.