Aikin sauya gaɓar ƙugu: A gyara gida kafin a sallamo majinyaci



A watan jiya wata baiwar Allah daga Anguwan Rukuba ta shigo shagon maganin da nake aiki a nan Jos, riƙe da takardar magungunan mahaifiyarta. An yi wa tsohuwar aikin sauya gaɓar ƙugu, saura kwana biyu a sallamo ta. ’Yar tata ta sayi duk abin da aka rubuta, ta tambaye ni lokutan shansu ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai na ce mata, “To, a ina Mama za ta riƙa kwana?” Ta ce a kan katifarta mana. Na ce a kan gado take ko a ƙasa? Ta ce a ƙasa. Bayan gida fa? Ta ce na tsugunno ne, yana can ƙarshen tsakar gida, sai an sauka matakala uku na dutse.

Wannan iyali sun sayar da fili kafin su haɗa kuɗin aikin, amma babu wanda ya tuna cewa tsuguno ɗaya a makon farko zai iya mayar da su ɗakin tiyata. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna batun yau.

A wannan aiki likita yana yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, ya sa ƙwallon ƙarfe ko na tangaran a madadinsa, ya kuma dasa wani ɗan koko a ramin ƙugu inda ƙwallon zai riƙa juyawa. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita salon da ake bi yanzu a farkon shekarun 1960. A yau ana yin sa a manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Jami’ar Jos da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba tsofaffi masu amosanin gaɓɓai ko karayar ƙugu kaɗai ake yi wa ba. Akwai matasa masu sikila da yawa da jini ke daina isa kan ƙashin cinyarsu har ya mutu, su ma aikin suke buƙata.

Bayan aiki, naman da ke riƙe da gaɓar bai gama haɗewa ba, don haka ƙwallon na iya gocewa daga ramin. Saboda haka likitoci kan gindaya sharuɗɗa uku na tsawon mako 6 zuwa 12: kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo idan an zauna, kada a harɗe ƙafafu, kada a murɗa ƙafar da aka yi wa aiki zuwa ciki. Sharuɗɗan kan bambanta gwargwadon ta inda likita ya tsaga, don haka ku tambaye shi naku kafin sallama. Matsalarmu ita ce yawancin rayuwarmu a ƙasa muke yin ta. A tabarma muke hira, a kujera ’yar tsugunno muke girki da wanki, a tsugune muke kewayawa. Duk waɗannan sun saɓa wa sharaɗin farko.

Mu fara da makwanci. Katifar ƙasa ba ta yi ba. A nemi gado mai ƙwari wanda idan majinyaci ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa, gwiwarsa kuma ta ɗan yi ƙasa da ƙugunsa. Idan gadon ya yi gajere, kafinta zai iya ƙara masa ƙafafu. A kwanta rigingine, a sa matashi tsakanin cinyoyi don kada ƙafa ta hau kan ’yar uwarta cikin barci. Kujerar zama ma haka: mai tsawo, mai tauri, mai hannaye biyu da za a dafa a miƙe. Kujerun kushin na falo da mutum ke nutsewa a ciki a bar wa baƙi.

Sai bayan gida, wanda shi ne babban abin da ke ba mutane matsala. A sayi kujerar bayan gida ta majinyata, wadda ake samu a shagunan kayan asibiti, a ajiye ta kusa da gado saboda dare. Wanda bai da hali ya je wurin kafintoci a Katako su ƙera masa kujerar katako mai rami a tsakiya, a sa bokiti a ƙarƙashi. Ko masai na zama ne a gidan, sau da yawa yakan yi gajere, sai an ɗora masa abin ƙarin tsawo. Wanka kuma a zaune za a yi a kan doguwar kujera, a ɗora bokitin ruwa kan teburi ko bulo don kada a sunkuya. Kada ruwa ya taɓa ciwon sai likita ya ba da izini. Yawanci ana cire zare bayan kamar mako biyu.

Wanda ya san Anguwan Rukuba ya san gidaje da yawa a kan dutse suke, tsakar gida ba ta cika zama shimfiɗaɗɗiya ba. Ku bi hanyar da majinyaci zai riƙa bi daga gado zuwa bayan gida, ku kawar da duk abin tuntuɓe: tabarma, gefen leda da ya ɗage, wayar caji, takalman yara. Da damina gansakuka kan sa siminti santsi, a kankare shi. A ajiye tocila ko fitila mai caji a kan gado saboda ɗaukewar wuta. A lokacin sanyin Jos kuma, mutane kan yawata cikin ɗaki da safa a kan tayil, wannan zamewa ce ke jira. A sa takalmi mai riƙe dunduniya, kada a sa silifas. Idan dole sai an bi matakala, wajen hawa lafiyayyar ƙafa ke fara takawa, wajen sauka kuma sanda da ƙafar da aka yi wa aiki ke yin gaba.

Ibada ma tana da nata tsarin. Musulmi ya yi alwala a kan doguwar kujera, wani ya taimaka masa da wanke ƙafa, ya yi salla a zaune kan kujera ba tare da ya sunkuya sosai ba. Kirista ma ya dakata da durƙusawa. Ranar sallama kuma kada a ɗauko shi a Keke Napep. A nemi mota, a tura kujerar gaba baya, a ɗora matashi a kai.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar aikina. Bayan irin wannan tiyata jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu ya yi kisa. Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini, ko allurar enoxaparin ko ƙwayoyi irin su rivaroxaban ko asfirin, galibi na tsawon kwana 28 zuwa 35. Na sha ganin waɗanda suka daina a kwana goma don sun ji sauƙi ko don kuɗi ya ƙare. Ku sa kuɗinsa cikin lissafin aikin tun farko. Kuma muddin ana shan sa, kada a je kemis a karɓo haɗin maganin ciwon jiki. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi diclofenac ko ibuprofen, waɗanda idan suka haɗu da maganin tsinka jini suna iya jawo zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a dakata da su. Maganin zogi mai ƙarfi kamar tiramadol yana kawo jiri da taurin bayan gida, don haka a yawaita ruwa da gwanda da ganye, kuma kada a ƙara adadinsa ba da sanin likita ba. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe ragamar magunguna, yana rubuta abin da aka sha da lokacinsa.

’Yan dubiya za su zo da shawarwari, wani ya ce a gasa da ruwan zafi, wani ya ce a kira maɗori ya ja ƙafar. A yi musu godiya, amma kada a bari kowa ya taɓa. Kada kuma tausayi ya sa a hana majinyaci motsi. Ya riƙa takawa da sandarsa kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, yana yin atisayen da likitan motsa gaɓɓai ya koya masa, domin kwanciya wuri ɗaya ita ke jawo daskarewar jini.

A koma asibiti nan take idan aka ga sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓi, ko ciwon yana fitar da mugunya, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin. Haka nan idan zogi mai tsanani ya taso farat ɗaya, ƙafar ta gajarce ko ta karkace, alamar gocewa ce, kada a yi ƙoƙarin gyarawa a gida.

Ita dai baiwar Allahn nan, a cikin kwana biyun ta aro gado wurin yayanta, ta sa aka ƙera kujera mai rami, ta mayar da mahaifiyarta ɗakin da ke kusa da ƙofa. Shekaranjiya ta dawo karɓar ragowar maganin tsinka jini, ta ce Mama tana takawa da sanda har bakin zaure.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.