Masu nutson sojan Nijar sun cancanci a san da su

Nijar ba ta da teku, kuma wanda ya tashi a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, zai iya tsufa bai taɓa ganin jirgin ruwan yaƙi ba. Sai dai sojojin ruwa sun zo har ƙofar gida. A daren 9 zuwa 10 ga watan Mayun 2019, sojojin Faransa biyu, Cédric de Pierrepont da Alain Bertoncello, sun mutu a arewacin Burkina Faso wajen kuɓutar da mutane huɗu da aka yi garkuwa da su. Dukansu ƴan rundunar Commando Hubert ne, wato ƙwararrun masu nutso na sojan ruwa. Kafin mako ya zagayo an yi musu jana'izar ƙasa a birnin Paris, shugaban ƙasarsu na tsaye a gaban akwatunan.

Saɓanin Yamai da Paris, wanda ya kai ga ficewar sojojin Faransa a Disamban 2023, bai hana a lura da yadda wasu ke riƙe tarihin mutanensu ba. Faransawa har yau suna ambaton Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa da ya haɗu da injiniya Émile Gagnan a 1943 suka ƙera na'urar shaƙar iska da mai nutso ke goyawa. A Amurka kuwa akwai Carl Brashear, baƙar fata da aka yanke wa ƙafa a 1966 bayan hatsari a wajen neman bam ɗin nukiliya da ya faɗa teku kusa da Spain. Ya ƙi yarda a sallame shi, ya koma ruwa, a 1970 ya kai matsayin ƙoli na masu nutso. Yau akwai jirgin ruwa mai ɗauke da sunansa.

Nijar ma tana da nata. Ƴan kwana-kwanan ƙasar sojoji ne, kuma cikinsu akwai waɗanda ake kira idan kwale-kwale ya kife a kogin Isa ko yaro ya nutse wajen wanka. Ruwan damina ja ne, mai nutso ba ya ganin ko tafin hannunsa, lalube yake yi cikin taɓo da igiya ɗaure a jiki, dangi kuma na bakin gaɓa suna jira. Sau da yawa gawa yake fitowa da ita, amma ko wannan babban aiki ne ga iyalin da ke son su yi wa nasu sutura su binne shi. Idan labarin ya fito a rediyo, sai a ce "jami'an ceto", shi ke nan. Wanda ya yi shekaru yana wannan aiki yakan yi ritaya shiru, abin da ya sani game da ramuka da karkatar ruwan kogin ya tafi gida tare da shi.

Mutanen Kurfai sun san irin wannan mantuwa. Ƙasa ce ta mayaƙa da ta ba da ƴaƴanta ga aikin soja tun zamanin Turawa, kuma Janar Seyni Kunce kansa ɗan Fandu ne, a yankin Filinge. Da yawa daga tsofaffin sojojin wancan lokaci sun rasu ba a naɗi muryarsu ba.

Maganar ta fi ƙarfin lambar yabo. Ambaliyar 2024 ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, wasu gini ya rufta musu, wasu ruwa ya ci su. Filinge na cikin kwarin Dallol Boso, inda tafkuna ke cika da damina, yara da makiyaya na shiga. Tsakaninta da Yamai kusan kilomita 180 ne, a kan hanyar da matsalar tsaro ta sa ba a bi gaba gaɗi. Wanda ya nutse mintoci kaɗan gare shi, ba zai jira mota daga babban birni ba.

Wannan jarida na ganin ya dace ma'aikatar tsaro ta tattara sunayen tsofaffin masu nutson, a naɗi bayanansu tun suna raye, a kuma ambace su ranar 1 ga Agusta, ranar da aka kafa rundunar sojan ƙasa a 1961. Waɗanda ke da sauran ƙarfi a ba su alawus, a tura su Filinge, Baleyara da Abala kafin saukar damina, su koya wa matasa yadda ake jefa igiya, yadda ake kamo mai nutsewa ta baya don kada ya ja mai ceto ƙasa, da yadda ake danna ƙirji har numfashi ya dawo.