Sallamar da ba ta san hanyar Gobir ba

Akwai wata 'yar alama da ake rubutawa a ƙasan katin asibiti ranar sallama: 2/52. Ma'anarta, a dawo bayan mako biyu. Ga mazaunin birnin Sakkwato, kuɗin mota kawai wannan umarni zai ci masa. Ga matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, wadda za a mayar wani ƙauye a ƙasar Sabon Birni ko Isa, umarni ne na ta sake jefa ranta a hanya.

Kowa ya san hanyar. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙona matafiya cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A 2024 a kan hanya aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, kuma bai dawo da rai ba. Inda basarake bai tsira ba, da wane ƙarfin hali ake sa ran mai jego ta zo a duba mata ɗinki? Ko cewa "a bugo waya" ba tabbas ba ne, domin a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a yankin.

Don haka a Gobir, maganar da nas ta yi ranar sallama tana iya zama ganawa ta ƙarshe tsakanin maras lafiya da asibiti. Amma sau da yawa ita ce aka fi yi a tsaitsaye: ga kati da rubutun da iyalin ba za su iya karantawa ba, ga ledar magani, Allah ya ƙara sauƙi.

Kuma wa ake yi wa bayanin? Galibi mijin, domin shi ya biya kuɗi. Alhali ba shi zai dafa ruwan wanka ba. Uwarta ko surukarta ce za ta yanke yadda wankan jego zai kasance da yawan kunun kanwar da za a dama, al'adun da likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. Tsohuwar nan tana zaune a tabarma a bakin ɗaki, ba wanda ya ce mata, "Inna, matso ki ji." Ita ya kamata a gaya wa cewa zubar jini mai yawa, zazzaɓi, wari daga ɗinki, kumburin ƙafa da haki, ko ciwon kai mai dushe gani ba abin jira har gari ya lafa ba ne. Sannan a ce ta maimaita da bakinta, domin "to" ɗin Bahaushiya a gaban ma'aikaci ladabi ne, ba shaidar fahimta ba.

Za a ce ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma waɗanda suka zauna a wannan yanki cikin haɗari suke aiki. Gaskiya ne, kuma alhakin haka yana wuyan Ma'aikatar Lafiya ta jiha, wadda ba ta da hujjar barin hirar sallama ta zama alfarmar da nas ke yi idan ta samu sarari. Sai dai tambayoyin ba su da tsawo. Wane gari za ku kwana? Wace cibiyar lafiya ce har yanzu take buɗe kusa da ku? Iyalin da suka yi gudun hijira zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, ko waɗanda Shinkafi ta fi musu kusa, takardar da za su nuna a can suke buƙata, da bayanin abin da aka yi da ranar cire zare.