Ranar Magariya da Dungas tana buƙatar masu awo

A garuruwan Magariya da Dungas, faifan hasken rana ya zama abin yau da kullum. Shi ke ɗaga ruwa a famfo, shi ke sanyaya maganin rigakafi a gidan likita. Amma faifan daga waje ake sayo shi, kuma ba don yanayin Damagaram aka ƙera shi ba.

Ƙarfin faifan yana cikin wani ma'adini da ke mai da haske wutar lantarki. Mafi yawa silisiyom ne, wanda ake tacewa daga yashi, a yanka shi kamar mikron 150. Mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Akwai kuma wata dabara: a shafa ma'adinin bisa gilashi, kamar yadda magini yake shafen bango. Kaurin shafen bai wuce mikron 3 ba, alhali gashin kai yana kai 70. Bayan shafe sai awo: kaurinsa, hasken da yake sha, da wutar da yake bayarwa.

Awon nan shi ne abin da ya shafi talaka. In zafi ya wuce digiri 25, faifan silisiyom yana rasa kashi 0,3 zuwa 0,4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce 40, ga kuma ƙurar hunturu. In ƙarfin faifai ya ragu, ruwan famfo ya ragu, mata ne ke kwana a layi.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa ONERSOL a Yamai a 1965, kuma Farfesa Abdu Mumuni ya shugabance ta shekaru da dama. A 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kowa ya gane hatsarin dogaro da maƙwabci.

Don haka ya kamata hukuma ta ba Jami'ar Damagaram ɗakin gwaji da kayan awo, inda ɗalibai za su koyi yin shafen da auna shi. A kafa filin gwaji a Magariya ko Dungas, a jera faifai iri-iri su yi shekara guda cikin rana da ƙura. Kuɗin jama'a kuwa kada a kashe su sai kan wanda ya jure. Sai an gwada akan san na ƙwarai.