Takobi Ya Karye, Makaranta Ta Wanzu: Boren Yahudawa a Zamanin Rumawa

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Cikin shekara 70 kacal, daga 66 zuwa 135 Miladiyya, Yahudawa sun yi wa daular Rum bore har sau uku, kuma kowane karo asararsu ta ƙaru. Ina ganin duk al'ummar da ke zaune ƙarƙashin ikon da ba nata ba tana da abin tsinta a labarin nan.

Rumawa sun shiga Ƙudus a shekara ta 63 kafin Miladiyya. A shekara ta 6 Miladiyya suka mai da ƙasar lardinsu, suka yi ƙidaya domin ɗora haraji, suka riƙa turo gwamnoni waɗanda da yawansu ba su san darajar addinin mutanen ba. Tura ta kai bango a shekara ta 66, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin Yahudawa da Girkawa a Kaisariyya, gwamna Fulorus kuma ya ɗebi talanti 17 daga baitulmalin Haikali. Jama'a suka fusata, aka daina yankan hadayar da ake yi a madadin Kaisar, aka kuma fatattaki rundunar Rum a mashigar Bet Horon. Babu mai adalcin da zai ce ba a zalunce su ba.

Sai dai gaskiyar da mutum ke da ita ba ta ɗauke masa wajibcin lissafi. Sarki Nero ya turo Besfasiyan ya murƙushe Galili, ɗansa Titus kuma ya yi wa Ƙudus ƙawanya a shekara ta 70. A cikin birnin, ƙungiyoyi uku na 'yan boren sun daɗe suna yaƙar juna, har sun ƙone rumbunan hatsin da za su ci lokacin ƙawanya. Masanin tarihi Yusufus, wanda ya yi yaƙin kafin ya koma wajen Rumawa, shi ya rubuta haka, kuma ko da an yi la'akari da son zuciyarsa, yunwar da ta auka wa birnin shaida ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka ƙone Haikali, aka kwashe kayansa zuwa Rum, aka ɗora wa kowane Bayahude harajin dirhami 2 a shekara.

Bore na biyu ya fi taɓa zukatan mazauna ƙasar wasu. Daga 115 zuwa 117, zamanin Sarki Tarajan, Yahudawan da ke zaman baƙunci a Libiya da Masar da tsibirin Ƙubrus suka ɗauki makami. Al'ummar Iskandariyya, wadda ta yi ƙarnoni tana kasuwanci da ilimi, ta kusa shafewa, a Ƙubrus kuwa aka haramta wa Bayahude taka tsibirin. Abin da kakanni suka gina da haƙuri ya rushe cikin shekara biyu.

Na uku ya zo a 132, bayan Sarki Hadiriyan ya ƙudurta gina birnin Rumawa a kan kufan Ƙudus. Bar Kokba ya jagoranci mutanensa, ya buga kuɗinsa, ya yi mulki kusan shekara uku, har sai da aka kirawo janar Seberus daga Birtaniya. Betar ta faɗi a 135. Marubuci Kasiyus Diyo ya ce an kashe mutum 580,000, an rushe ƙauyuka 985. Aka hana Yahudawa shiga Ƙudus, aka sauya wa lardin suna zuwa Siriya Falasɗinu.

To, me ya hana al'ummar nan ɓacewa? Ruwayarsu ta ce malam Yohanan ɗan Zakkai ya fice daga Ƙudus cikin makara lokacin ƙawanya, ya roƙi Rumawa su bar masa garin Yabne da malamansa. Daga wannan zaure aka sake tsara ibada ba tare da Haikali ba, kuma wajen shekara ta 200 aka tattara dokokinsu a littafin Mishna. Masu takobi sun ƙare a kan dutsen Masada da Betar, amma almajiran Yabne sun riƙe harshe da addini har daular Rum ta shuɗe.

Wani zai ce ashe ke nan a rungume hannu ga azzalumi? A'a. Ƙin zalunci wajibi ne, amma hanyoyinsa suna da yawa, kuma shugaba nagari yakan auna ƙarfin jama'arsa kafin ya kai su fage. Wanda ya ingiza marasa ƙarfi cikin wuta, alhakin marayunsu na wuyansa.

Mu da muke tsiraru a inda muke zaune, jarinmu shi ne haɗin kai, da kyakkyawar maƙwabtaka, da makarantar da yaro zai koyi harshensa da addininsa. Duk mai rura wutar gaba tsakanin unguwa da unguwa, ko tsakanin dattijo da matashi, rumbunmu yake ƙonawa. Allah Ya ba shugabanninmu hangen nesa, Ya zaunar da mu lafiya.