Kada mu kori Dodo daga gatana

Akwai masu cewa gatanar Dodo ƙarya ce, ɓata lokaci ce, bai kamata babba ya zauna yana faɗa wa yara ita ba. Ni ban yarda da su ba. I, ƙarya ce. Mai gatana da kansa ya san ƙarya ce, masu saurare ma sun sani. Amma ƙaryar da kowa ya san ƙarya ce ba ta cutar kowa.

Ku duba inda Dodo yake zama cikin gatana. Yana cikin gulbi, ko tabki, ko kogon dutse, ko tsakiyar daji. Duk wuraren da yaro ke iya halaka ne. A nan Arewa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi har Tsibiri, in damina ta sauka tabkuna kan cika. Yaro ɗan shekara 5 bai san zurfin ruwa ba. In ka ce masa laka na riƙe ƙafa, ba ya ganewa. In kakarsa ta ce Dodo na ciki, sai ya tsaya bakin gaɓa. Tsofaffinmu ba su yi boko ba, amma sun san yadda ake magana da yaro.

Ba mu kaɗai ke da irin wanga abu ba. A Daura ana ba da labarin maciji mai suna Sarki, wanda ya tare rijiyar Kusugu. Ba ya barin mutane su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Rijiyar tana nan har yau, baƙi na zuwa kallo. Mutanen Sin suna da wani dogon maciji mai ƙafafu da ƙaho. Su ba su ƙi shi ba, girmama shi suke yi, don sun ce shi ke kawo ruwan sama. Mutanen Girka na da sun ba da labarin wata mai kan mace da jikin zaki. Takan tare hanya ta yi wa matafiyi kacici-kacici. Wanda ya kasa amsawa, ta cinye shi.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa a ƙasarmu yake. A jihar Agadas, wajen Ingal, Buzaye sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwa cikin ƙasa. Suna cewa na wani ƙaton dodo ne mai suna Jobar. A 1997 wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, da abokan aikinsa sunka tono ƙasusuwan. Sunka tarar na wata dabba ce da ta rayu miliyoyin shekaru kafin mutum, tsawonta ya fi mita 15. A 1999 sunka raɗa mata suna Jobariya, don tunawa da Jobar. Abin dariya, wanga dodo ganye yake ci! To, ga shi masu ilimi ba su raina labarin makiyaya ba, har sun ɗauki sunan sun sa cikin littattafai. Mu don mi za mu raina namu?

Sai dai akwai inda nike ganin iyaye na kuskure. Uwa ta ce wa ɗanta: "Yi shiru, ga Dodo nan!" Shi ke nan, ba ta ƙara komi ba. Wannan rabin gatana ne, kuma rabin da ba shi da amfani. Gatana cikakka ba ta ƙarewa da tsoro. Dodo ƙato ne, yana haɗiye mutane da shanu, amma wawa ne. Wa ke kayar da shi? Auta, ƙaramin gida, wanda kowa ya raina. Ko yarinya mai hankali. Ko Gizo da wayonsa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Yaron da ya ji gatana har ƙarshe yana kwana da sanin cewa ƙarami na iya kayar da babba. Wanda anka tsorata kawai, fitsarin kwance yake samu. Mafi muni, wasu na haɗa Dodo da likita, su ce za a kai yaro a yi masa allura. Ranar da ma'aikatan rigakafi sunka shigo gari, sai yaro ya ruga bayan rumbu.

Kuma mu riƙa bambanta abubuwa. Dodo gatana ne. Sarauniya Mangu ta Lugu, da ta tare sojan Faransa a 1899, tarihi ce. Zancen aljannu kuma na malamai ne, yana cikin Alƙur'ani. In mun cuɗa su wuri guda, macuci ya samu ƙofa. Shi ne wanda zai ce maka dodo ya kama ɗanka, ka kawo akuya, alhali zazzaɓin cizon sauro ne ke cin yaron.

Yanzu hirar dare ta koma salula da talabijin. Tsofaffin da sunka iya gatana suna raguwa, kowace ta tafi da nata. Mu da munka shiga yaƙi da jahilci, alƙalami ya zo hannunmu. Ina ba da shawara kowane ɗalibi ya je wurin tsohuwar gidansu, ya ce: "Inna, yi mini gatanar Dodo." Ya rubuta ta yadda ta faɗa, da Hausarmu ta Arewa, kada ya gyara mata baki. Ya sa sunan garin da shekarar. Malam ya tara takardun, a riƙa karanta guda ɗaya kowane mako cikin aji. Ina so in ji ko Dodon Matankari da na Kore Mai Ruwa mutuwa guda suke yi.