Riƙon amana ko riƙon sakainar kashi?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, wanda ya leƙa tashoshin mota na Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai ga yara ƴan shekara 12 ko 13 suna saukowa daga motocin ƙauye, da ƙunshin tufafi da tabarma, wani lokaci da ƴan tiyoyin hatsi da uba ya ɗauro a buhu. Wasu kwaleji suka samu, ƙauyensu kuwa babu CEG. Wasu uba ne ya rasu, ko aure ya mutu, ko rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Mai kawo yaro ya ce: "Ga amana nan." Mai gida ya amsa: "Ai ɗa na kowa ne." Daga ranar yaro ya zama ɗan riƙo.

Masu karɓar amanar nan mu ne, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, kuma da dama cikinmu riƙon ne ya raine su har suka zama abin da suka zama. Don haka tambayar tamu ce: bayan shekara biyar ko bakwai a gidanka, da me yaron nan yake fita?

Mu faɗa wa juna gaskiya. A gidaje da yawa ɗiyar riƙo ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Shara tata ce, wanke-wanke nata ne, sai ta raka ɗiyan gida makaranta sannan ta ruga tata a makare, ta zauna cikin aji tana gyangyaɗi. Namiji kuwa shi ne ɗan aike, shi ke wanke mota, shi ke buɗe ƙofa da tsakar dare. Ba wanda ya taɓa duba littafinsa. Ran da aka kore shi, ko ya faɗi jarrabawar BEPC, sai a ba shi kuɗin mota a ce ya gai da mutan gida. Ya koma ƙauye hannunsa ya manta da hauya, kansa bai riƙe boko ba. Ba ya daɗewa zai dawo birni, wannan karon ba gidan kowa ba. In ya yi sa'a ya samu babur ɗin kabu-kabu, in bai yi ba fada ta karɓe shi. Wanda ya kalli fim ɗin da Aicha Macky ta fitar a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya ga inda ƙarfin saurayi ke tafiya idan ba wanda ya nuna masa hanya.

Alhali ba haka muka gada ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi a 1986 a kan Alhazan Maraɗi, inda ya bayyana dangantakar ubangida da baransa. Mu ba mu buƙatar littafi, mun gani da ido. Alhaji kan ɗauki yaro ya fara da tsaron kaya, daga nan ya koya masa lissafi da sanin haja, ya aike shi Jibiya ko Kano da kuɗi kaɗan ya ga yadda zai dawo. In ya ga amana sai ya yi masa aure, ya yanka masa jari, ya ce je ka nemi naka. Haka maƙeri yake yi, haka dukawan Damagaram, haka tela. Riƙon yana da mafari, yana da matakai, yana da ranar yaye.

Addini ma haka ya tsara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne. Baffansa Abu Ɗalib ya riƙe shi, ya kuma tafi da shi fatauci ƙasar Sham yana yaro. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umurci mai riƙon maraya ya riƙa jarraba hankalinsa kafin ya miƙa masa dukiyarsa. To, wanda ba a koya wa riƙon dala ba, da me za a jarraba shi?

Za a ce zamani ya yi tsanani, kuma gaskiya ne. Ma'aikacin da ya ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da watannin da aka yi ba albashi, da ɗan kasuwar da ya ga rufe iyakar Najeriya a 2023, sun san nauyin ƙarin baki ɗaya a akushi. Ba mu raina tuwon da suke bayarwa ba. Sai dai abin da yaron ya fi rasawa ba na saye ba ne. Ka zaunar da shi bayan sallar isha'i ka ji abin da ke damunsa. Ka je makarantarsa da ƙafarka sau ɗaya a zango. Ka fidda masa takardar haihuwa in ba shi da ita. Ka ba shi jikka biyu ya yi cefane ya kawo lissafi. Idan boko ya ƙi, kai da kanka ka kai shi garaji ko shagon walda ko wurin tela, ka riƙa bin sawu. Uwar gida kuma ta raba aiki daidai tsakanin ɗiyarta da ɗiyar mutane. Wanne ne cikin waɗannan ya fi ƙarfin albashi?

Hukuma ma da nata kason. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, kuma sashe na 20 nata ya ɗora wa ƙasa kula da yaron da ba ya hannun iyayensa, har ya ambaci kafala ta Musulunci. A Disamban 2017 an sa hannu kan dokar kare ɗiya mace mai karatu. Amma takardar da ke Yamai ba ta shiga zaure. Muna kira kowane mai unguwa ya san ƴan riƙon unguwarsa, kowane shugaban kwaleji ya san ɗaliban da ke zaune a gidan wani, ya haɗa su da malamin da za su iya kai wa kuka. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da asusun FAFPA su ware gurabe domin waɗanda makaranta ta sallama, ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su karɓe su koyon aiki.

Ƙidayar 2012 ta nuna kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Babu gidan marayun da zai ɗauke wannan kaya. Gidajenmu ne za su ɗauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai da wani ya riƙe jiya har ka samu kanti ko ofis, tuna abin da ya yi maka bayan tuwo, ka yi wa wanda ke kwana a zaurenka irinsa.